Inda na kai a koyon fatsa: ƙwarin da ke tashi da magariba

'Yan uwa masu koyo, a 'yan kwanakin nan hankalina ya koma kan ƙananan ƙwarin nan da ke turnuƙewa a bakin dam ɗin Tiga idan rana ta kusa faɗuwa. Daga nesa sai ka ce hayaƙi ne ke tashi a saman ciyawa. Da yawa suna ɗaukarsu sauro, suna ta kore su. Ba sauro ba ne, kuma ba sa cizo. Ka kama ɗaya ka duba da kyau: namijin yana da gashi buzu-buzu a gaban kansa, kuma ba shi da dogon bakin tsotsar jini. Taron da kake gani a sama galibi maza ne, matan kan kutsa ciki a yi barbara, sannan su koma su zuba ƙwai a ruwa.

Abin da ya shafe mu yana ƙarƙashin ruwa. Na ɗebo laka daga wuri marar zurfi, na wanke ta a rariya, sai ga tsutsotsi ja wur, sirara, tsawonsu bai wuce farcen yatsa ba, suna ta murɗawa. Su ne 'ya'yan ƙwarin. Jan da suke da shi daga sinadarin nan ne da ke sa jininmu ja, shi ke ba su damar rayuwa cikin laka inda iska ta yi ƙaranci. Kurungu da tarwaɗa suna tonon su a ƙasa. Idan tsutsar ta gama girma sai ta sauya siffa, ta taso sama a hankali, ta rataye a fatar ruwa kafin ta fito da fiffike. Wannan ɗan lokacin ne ba ta da hanyar gudu, kuma shi kifi ke jira. Zoben da kuke gani yana buɗewa a kan ruwa da yamma, sau da yawa kawara ce ke tsintar su.

Don haka na sauya yadda nake jefa ƙugiya. Da yamma ina rage dalmar da ke nutsar da ƙugiya, ina ɗaure ƙugiya mafi ƙanƙanta, in bar koton kusa da sama. Jar tsutsar tana da wuyar sokawa, tana fashewa da zarar ƙarfe ya taɓa ta, shi ya sa nake yanka ɗan guntun siririyar tanar ƙasa in soka a madadinta. Cizon kifi ya fi yawa a gefen da iska ke tura ruwa, inda ɓawon da ƙwarin suka bari bayan sun fito da fiffike ke taruwa.

Ba mu kaɗai ke lura da su ba. A madatsun ruwan Ingila masu fatsa kan ɗaura zare a jikin ƙugiya ya yi siffar tsutsar nan mai tasowa. A tafkin Malawi kuwa wasu danginsu kan tashi da yawan da mutanen bakin ruwa ke kama su, su matse su su zama abinci.

Abin da nake so in gwada nan gaba shi ne ɗaurin zaren, da jan zaren ɗinki. Wanda ke zuwa da asuba, don Allah ya duba mana ko suna tasowa a lokacin ma.