Layi ɗaya a cikin miliyoyi

Daren jiya sai ƙarfe biyu na kwanta, ina fama da fayil ɗin GeoNames, wanda ya tattara sunayen wurare na duniya sama da miliyan 11. Rubutu ne zalla. Kowane wuri layi ɗaya, kowane layi gida 19 na bayanai, ana raba su da tab, wato maɓallin da ke barin gurbi a tsakanin rubutu.

Garuruwanmu nake gyarawa, irin su Ɗanbatta da Ƙaura Namoda, don ƙugiyar harafin ta fito yadda muke rubutawa. Da farko na buɗe shi da manhajar jadawali, ta ɗauki layi miliyan ɗaya da 'yan kai ta tsaya. Da na ajiye ba a tsarin UTF-8 ba, wato tsarin ajiye rubutu da ke gane haruffa irin namu, duk ƙ da ɗ suka koma alamar tambaya. Wallahi raina ya ɓaci. Allah Ya sa ina da kwafin asali.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira. Kano tana kusan digiri 12 arewa, digiri 8.5 gabas. Ka musanya biyun nan, sai ka ga Kano ta faɗa wajen Ganye a Adamawa, kuma babu abin da zai yi maka ƙara.

Yanzu na daina taɓa babban fayil ɗin da hannu. Ƙaramin shiri na rubuta, yana karanta layi-layi, ya nemo wurin da lambar shaidarsa, ya gyara, ya zuba a sabon fayil. In ya gama sai in ƙirga layukan biyun. Da asuba suka zo daidai, alhamdulillahi.