Aikinmu na haɗa gidajen ruwan kiristal

Sana'armu haɗa ƙananan gidajen gilashi ce, waɗanda masu bincike a jami'o'i suke ɗura ruwan kiristal a ciki, wato ruwan da ƙwayoyinsa ke jeruwa cikin tsari, irin wanda ake amfani da shi a allon wasu wayoyi. Gilashi biyu ne a manne, tsakaninsu bai wuce maikiron biyu ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sirantar da gashin kai ma ya ninka ta sau da yawa. Mun fi ƙwarewa a gidajen ruwan feroilektirik, wanda Robert Meyer da abokan aikinsa suka gano a Faransa a 1975. Shi wannan ruwan, ka ba shi wuta na ƙiftawar ido, ƙwayoyinsa su karkata gefe guda; ka ɗauke wutar, suna nan daram, sai ka juya ta su koma ɗaya gefen. Noel Clark da Sven Lagerwall ne suka nuna haka a 1980, da suka matse ruwan tsakanin gilasai har murɗin da ke jerin ƙwayoyinsa ya warware.

Sai dai wannan riƙon da ƙwayoyin ke yi a gefen da suka karkata ba a kwalba ake sayo shi ba, a jikin gilashin yake. Muna shafa wa gilashin poliyimid, wani nau'in roba, shafe ɗaya siriri, mu gasa, sannan mu goge shi da karammiski ta fuska ɗaya, domin inda aka goga nan ƙwayoyin za su fuskanta. In gugar ta yi ƙarfi, ko gilashi ɗaya ya fi ɗaya shan guga, ƙwayoyin sai su zaɓi gefe guda, ana ɗauke wuta su zame su koma can. In shafen ya yi kauri, caji ya taru a jikinsa ya tura su baya. Ko ta wace hanya, riƙo ya tafi.

Malamin da ya koya mini bai bar ni na taɓa ruwan ba sai da hannuna ya faɗa da guga. Yakan ɗaga gilashin da na haɗa a gaban fitila, in ya ga zoben launuka sun yi yawa, alamar tsakanin gilasan bai daidaita ba, ko uffan ba ya cewa, kwandon shara kawai zai nuna mini. Shi ya koya mini haƙurin sanyaya ruwa a hankali bayan an ɗura da zafi. So ake ƙwayoyin su jeru sahu-sahu kamar littattafai a kanta, amma da sun fara karkata sahun yakan tsuke ya lanƙwashe, abin da aka tabbatar da hoton eksire a 1987. Inda lanƙwasa biyu suka yi karo, madubin ƙara girma zai nuna maka zane mai kama da walƙiya, haske na yoyo ta nan.

Shi ya sa raina ke ɓaci in mai saye ya ce ya ga irin gidan gilashinmu a intanet da rabin kuɗi. Ya saya, wani gefen ya fi wani kauri, ya ɓata watanni yana zargin ruwansa, sannan ya dawo yana neman ragi! Wani kuma ya danna namu da yatsa, jerin ya wargaje, ya ce mun cuce shi. Wannan ruwan ba ya gyara kansa irin na allon waya, sai an sake ɗumama shi daga farko. Yanzu kowane kwali da ya fita daga shagonmu da takardar gargaɗi a samansa, da awon tsakanin gilasan a rubuce.