Daftarin ɗinkina na 1446

Ranar da Muharram na 1447 ya kama, na zaro daftarin ɗinkina daga aljihun keke na zauna a tabarma ina ƙirga. Littafin makaranta ne mai shuɗin bango wanda autana ya yar bai cike ba. Yanzu ya kumbura har ba ya rufuwa sai na ɗaure shi da tsumma, don duk ɗinkin da na gama sai na yanki ƙyallensa kamar faɗin yatsa biyu in maƙala a shafi, in rubuta kwanan wata, mai kaya, tsawon yadin, da abin da ta biya. In ta biya ke nan.

Rigima ce ta sa na fara. Wata Hajiya a nan unguwarmu, Shari'ul Mansur, ta kawo atamfar da aka yo mata tsaraba daga Kantin Kwari. Da ta zo karɓa sai ta ce ina ragowar mita ɗaya. Na ce, "Hajiya, turmi yadi shida ne, ba mita shida ba. In kika auna da awon kantunan Makka, da ƙyar ya kai mita biyar da rabi." Ba ta yarda ba, ni kuma ba ni da shaida. Tun daga ranar a gaban mai kaya nake aunawa, in rubuta tana kallo.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: abin da bai ƙare ba, ba ya shiga. Ƙarewa kuwa a wurina sai an yi kalmasa, an sa zif ko maɓalli, an tsinke zaren da ke reto, an goge. Rigar da ke jiran hannu ɗaya tana nan a leda, daftari bai san da zamanta ba.

Ɗinki 83 na samu. Da wani ne ya tambaye ni kafin in ƙirga, cewa zan yi ban kai 50 ba, don kullum gani nake rana ta faɗi ban tsinana komai ba. Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne 31 daga ciki babu ko riyal ɗaya a gabansu: na jikoki, na 'yar ƙanwata, na maƙwabciyar da ke cewa "kawo kuɗin ina nan tafe". Zumunci ne, na sani, amma zare da mai na keke ba da zumunci ake saye ba.

In ka riƙe littafin ta gefe, kaurinsa ma yana ba da labari. Safar da Rabi'u siriri. Sha'aban da azumi kuwa kamar ciki wata tara. Akwai shafin da rubutuna ya karkace, na daren 29 ga azumi. Na sa rai wata zai cika 30 in samu ƙarin yini, sai ga sanarwa bayan magariba cewa an ga wata, Lahadi 30 ga Maris 2025 Sallah. Riguna huɗu ke gabana. Na taka keke har aka kira assalatu, na ƙarshen ma a jikin yarinyar na ɗinke maɓallinta tana tsaye tana hamma.

Zulhajji kusan fanko ne, ba don ban yi aiki ba. Baƙi alhazai daga gida sun yi ta kawo abayoyin tsaraba a rage tsawo, a matse hannu. Na ce gyara ba ɗinki ba ne, na ƙi rubutawa. Na yi kuskure, bana zan ware masa shafukan baya.

Sai bargon. Shekara bakwai ina tara guntayen atamfa da shadda a buhun shinkafa. A Safar na fara yanka su murabba'i, santimita 10 kowane gefe, ina haɗawa layi-layi da keke. Malam ya leƙo ya ce, "Wai wa zai rufa da wannan a zafin Makka?" Na ce na 'yarka ne da ke aure a Ɗa'if, can kan dutse sanyin hunturu ba wasa. Haɗa fuskar bai ba ni wuya ba. Wahalar tana wajen ɗinke hawa uku, fuska da auduga da shafi, don kekena ba ya cin kaurin, sai da hannu. Allura ta huda min ɗan yatsa har ya yi kanta. A tsakiyarsa akwai guntun zanen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mai ruwan bula da ya koɗe. Nan na fi daɗewa, don ya yi laushi, in na ja zare da ƙarfi sai ya nemi yagewa.

Shi ne aikin da ya fi cin lokacina a shekarar, kuma ba ya cikin 83 ɗin, don gefe ɗaya bai samu baki ba. Jiya 'yar tawa ta bugo waya: "Umma, bargona fa?" Na ce ta bari in samo zaren da ya dace, wanda nake amfani da shi ya ƙare. Na sayi sabon daftari, na tsallake shafin farko, na soma rubutu daga na biyu.