Yadda na ƙirƙiro bayanan kyamarar sauyin haske daga bidiyon waya a Garwa

Aikin da na ɗauka shi ne koya wa kwamfuta ƙirga baburan da ke hawa gadar Binuwai a Garwa da ke Kamaru, ta amfani da bayanan kyamarar sauyin haske. Wannan kyamara ba ta ɗaukar hoto. Kowane fiksel nata, wato ƙaramin ɗigon da ke karɓar haske, zaman kansa yake yi, ba ya cewa uffan sai hasken da ke kansa ya ƙaru ko ya ragu fiye da wani ma'auni, sa'annan ya aiko da wurinsa da lokacin da kuma ko ƙari ne ko ragi. Tsadarta ta fi ƙarfin aljihuna, don haka na koma ga v2e, manhajar da Yuhuang Hu da Shih-Chii Liu da Tobi Delbruck na Zurik suka fitar, wadda ke mayar da bidiyo na yau da kullum zuwa irin waɗannan bayanai.

Wayata hotuna 30 take ɗauka a daƙiƙa, alhali kyamarar gaske a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa take rubuta lokaci. Manhajar tana cike giɓin da SuperSloMo, wanda ke ƙirƙiro hotunan tsakiya, kuma wannan bai ba ni wahala ba sai ta fuskar jira.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne wayar kanta. Duk sanda farar tirela ta gitta, sai wayar ta rage haskenta da kanta, nan take allon ya cika da ɗige-ɗige tun daga kwalta har sararin sama, kamar duniya ce ta motsa. Na yi kwana uku ina zargin manhajar kafin na gane cewa sai na kulle hasken kyamarar da hannu. Matse bidiyo ma yana barin ƙananan murabba'ai da ido ba ya lura da su, amma manhajar tana ɗaukarsu a matsayin sauyi na gaske, musamman a ranakun hazo da komai ya yi toka-toka. Bidiyon da aka turo mini ta WhatsApp kuwa gaba ɗaya na zubar.

Babban kuskurena nawa ne ni kaɗai: na kashe duk wata hayaniya, wato aibobin kyamarar gaske da manhajar ke kwaikwayo, domin bayanan su fito tas. Da wani abokina da ke karatu a Turai ya gwada abin da na horar a kan bayanan DAVIS346, wata kyamarar sauyin haske ta gaske, sai ƙirgar ta watse da zarar magariba ta yi. A kyamarar gaske ma'aunin kowane fiksel ya ɗan bambanta da na maƙwabcinsa, wasu suna aiko da rahoto ba tare da komai ya motsa ba, kuma a cikin duhu duk sukan yi jinkiri. Na mayar da waɗannan aibobi ɗaya bayan ɗaya, na sake horarwa, kuskuren ya ragu sosai. Bidiyon dare ne har yanzu ya gagare ni, domin babur ɗin da ya riga ya dishe a hoton waya, babu lissafin da zai dawo da gefensa.