Na ware furosesa huɗu, ashe ban kori kowa ba

Aikin da aka ba ni, a ce, ba shi da wuya. Akwai manhaja guda da take karɓar saƙonni daga hanyar sadarwa, ana son ta amsa cikin ƙiftawar ido, amma sabar da take kai, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da ita, tana ɗauke da wasu ayyuka masu nauyi: tattara rahoto, matse fayiloli, ajiyar bayanai ta dare. Sai aka ce in ware mata furosesa nata ita kaɗai. Injin yana da ƙwaya 16, wato sassan da ke yin lissafi, Linux kuma yana ganinsu a matsayin furosesa 32, saboda kowace ƙwaya tana tafiyar da zare biyu, wato jerin aiki biyu a lokaci guda.

Na buɗe rukuni a cgroup, tsarin da Linux ke raba wa ayyuka ƙarfin inji da shi, na rubuta 4-7 a cikin cpuset.cpus, fayil ɗin da ke faɗin furosesan da rukunin zai yi amfani da su, na saka manhajar, na tashi ina jin na gama. Da safe tsaikon amsar yana nan yadda na bar shi. Abin da na yi kawai shi ne na ɗaure manhajar a ɗaki huɗu, ƙofofin kuwa a buɗe, kowa na shiga yana fita. Kafin a cire furosesan daga hannun sauran ayyuka, sai an rubuta root ko isolated a cikin cpuset.cpus.partition. Wannan tsari bai shigo cgroup na biyu ba sai a Linux 5.0, a 2019, ko da yake cpuset kansa tsoho ne, yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun 2.6.12 a 2005.

Na zaɓi isolated, wanda aka ƙara a 6.1, don sunan ya burge ni. Nan ma na sha mamaki. A wannan yanayi kanel yana daina daidaita nauyi tsakanin furosesan da aka ware, don haka zaren manhajar suka taru a kan lamba 4 suna cunkuso, 5 da 6 da 7 na zaune ba aikin fari balle na baƙi. Dole na bi kowane zare na kafa shi a gurbinsa da hannu.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Lokaci-lokaci amsa tana makara, ba tare da wani dalili da ido zai gani ba. Kwana uku ina zargin masu rubuta manhajar, har wani babba a wurin aikinmu ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Bai ce komai ba, ya buɗe /proc/interrupts, fayil ɗin da ke ƙidaya sau nawa na'urori suka katse kowace furosesa, ya sa yatsa a kan layin katin sadarwa. Lambobin da ke ƙarƙashin furosesa na 5 suna hawa a gabanmu. Ya ce, "Malam, ka hana ayyuka shiga, amma ƙararrawar na'ura ba ta san da dokarka ba." Duk sa'ad da katin ya buga, furosesa sai ta ajiye abin da take yi ta amsa masa. Muka karkatar da ƙararrawar zuwa wasu furosesa ta fayil ɗin smp_affinity, muka kuma gaya wa irqbalance, manhajar da ke rarraba ƙararrawar tsakanin furosesa, ya daina taɓa waɗannan huɗun, in ba haka ba zai mayar da ƙararrawar kansu bayan ɗan lokaci.

Sannan ya tambaye ni su wane ne tagwayen 4 zuwa 7. Ban ma gane tambayar ba. Ya nuna mini thread_siblings_list, fayil ɗin da ke nuna furosesan da ke raba ƙwaya ɗaya: 4 da 20 ƙwaya ɗaya ce, haka 5 da 21, har zuwa 7 da 23. Wato rabin kowace ƙwaya na ware, ɗaya rabin kuma matse fayilolin dare yana ta gudu a kai, suna rabon ma'ajiyar kusa (cache) da kuma sassan lissafi. Kitso na yi da ƙwarƙwata. Wannan ne ya fi ba ni kunya, don amsar tana cikin fayil mai layi ɗaya.

Saura ƙananan abubuwa ne da muka bi ɗaya bayan ɗaya. Bugun agogon kanel, wanda kan zo sau 250 ko 1000 a daƙiƙa gwargwadon yadda aka gina shi, saitin kanel mai suna nohz_full ne ke kashe shi, amma sai in aiki ɗaya tak ne a kan furosesar. Wasu zaren kanel kamar ksoftirqd da migration kuwa, kowace furosesa da nata, ba mai iya kawar da su.

Abin da ban yi lissafinsa ba tun farko shi ne tsadar. Da muka haɗa da tagwayen, takwas cikin 32 sun fita daga hannun kowa, kashi ɗaya bisa huɗu na injin ke nan, kuma yawancin yini hutawa suke yi. Masu rahoton dare sun yi ƙorafi aikinsu ya ƙara tsawo, kuma suna da gaskiya. A ganina, da mun auna tsaikon da manhajar gwaji ta cyclictest tun ranar farko, da ƙwaya biyu sun wadatar. Daga baya muka rage zuwa 4 da 5 da tagwayensu, muka mayar musu da sauran, manhajar kuma ba ta sake makara ba.