Yadda na mayar da ƙaramin ɗakin cin abinci na alfarma

Faɗin ɗakin mita 2.7 ne, tsawonsa mita 3, taga ɗaya, ƙofa a kusurwa. Kafin in sayi komai tef ɗin awo na fara ɗaukowa, domin a ɗaki irin wannan alfarma tana farawa ne daga mutum ya ja kujera ya zauna ba ta daki bango ba. Kujera tana son santimita 90 tsakanin bakin teburi da bango. In aka ajiye teburi mai faɗin 90 a tsakiyar 270, lissafi ya cika cif, amma da mutane sun zauna babu hanyar wucewa a bayansu.

Sai na soke kujerun gefe ɗaya, na sa kafinta ya kafa benci a jikin bango: zurfinsa santimita 50, tsayinsa 45 har da katifar zama. Teburin mai siffar ƙwai ne, 90 da 140, tsayinsa 75, bakinsa ya hau kan bencin da santimita 10 don kada mai zama ya riƙa miƙa wuya yana neman faranti. Da haka aka samu filin santimita 140 a ɗaya gefen. Kowane mutum yana bukatar kusan 60 a bakin teburi, saboda haka huɗu suna zama a sake. Ƙafar teburin ɗaya ce a tsakiya. Mai ƙafa huɗu a kusurwoyi ba ya tafiya da benci, domin mai shiga ta gefe yake zamewa, gwiwarsa za ta yi karo da ƙafar.

A fitila na fi kashe kuɗi, kuma a nan ne bambancin ya fi fitowa. Wayar silin a tsakiyar ɗaki take, teburi kuwa ya matsa gefe, don haka mai wayarin ya kawo ta daidai tsakiyar teburi. Fitilar da ta kauce ko da taƙi ɗaya ce, ido yana kamawa. Na rataye ta santimita 80 sama da teburi. In ta sauko ƙasa da 75 tana tare fuskar wanda ke gabanka, in ta wuce 90 sai ƙwan ya riƙa haske ido. Faɗinta 50, wato ɗan sama da rabin faɗin teburin. Ƙwan LED ne mai ɗumin launi, Kelvin 2700 a ma'aunin launin haske, da lambar CRI 90 a jikin kwalinsa, wadda ke nuna zai fito da launin abubuwa yadda suke. Farin haske na Kelvin 6500 yana sa fata ta yi fari fat, ɗaki ya koma kamar ofis. Na haɗa da makunnin rage haske, sai dai a duba kwalin ƙwan a tabbatar an rubuta yana karɓar ragewa, in ba haka ba zai riƙa ƙifce-ƙifce yana ƙara. Ƙananan fitilun bango biyu suka cike duhun kusurwoyi.

Ana yawan cewa ƙaramin ɗaki sai farin fenti. Ban bi wannan ba. Kore mai duhu na shafa, har silin da katakon gindin bango da ƙofa, launi ɗaya. Idan babu layin da ya raba bango da silin, ido ba ya saurin gane iyakar ɗakin. Amma fenti mai duhu ba ya rufa wa bango asiri: kowane rami da tudu sai fitilar bango ta fito da shi. Dole a cike ramuka, a goge da sanfefa, a shafa fentin share fage, sannan shafi biyu na ainihin fentin. Na zaɓi mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin marar sheƙi sam yana riƙe tabon hannu da maiƙo, musamman a bayan benci inda kai ke jingina. Launin kuma da dare na gwada shi a ƙarƙashin fitilar, tun da a lokacin aka fi zama a ɗakin.

Sandar labule ta hau har santimita 8 ƙasa da silin, ta wuce taga da 20 ta kowane gefe. Yadin ninki biyu ne na tsawon sandar, da shafi a bayansa, ya tsaya saura santimita 1 ya taɓa ƙasa.

Madubi yana saman benci, gindinsa santimita 140 daga ƙasa, yadda zai ɗauko fitilar da hasken taga. Ba wanda yake son kallon kansa yana tauna.

Kafet na haƙura da shi. Sai ya wuce teburi da santimita 60 kafin ƙafafun baya na kujera su tsaya a kansa idan an ja ta, kuma bencin ya hana a shimfiɗa shi daidai. Ƙarami kuwa ƙafar kujera za ta riƙa kama bakinsa. Na manna ƙyallen ulu mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun kujerun don kashe ƙarar ja. Ƙarfen da ke ɗakin duka, daga fitila da sandar labule har mariƙin ƙofa, ruwan tagulla ne marar ƙyalli, kuma kwanuka da cokula suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin bencin, wanda murfinsa ke ɗagawa sama.