Bolt 5 ne, ba 10 ba

A ƙarshen zangon da ya wuce na ajiye koyar da Fiziks a wata makarantar kuɗi da ke cikin birnin Katsina. Ana ta yaɗa cewa albashi ne ya kore ni. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma ba shi ba ne.

Tambaya ɗaya ce a jarabawar gwajin da ake yi wa 'yan SS3 kafin WAEC. An ba da filin lantarki, wato yankin da ƙarfin lantarki ke tura caji, mai ƙarfi iri ɗaya ko'ina, bolt 200 a kowace mita. Ga ɗigo A, ga ɗigo B, santimita 5 tsakaninsu, sai dai layin da ya haɗa su ya karkace da digiri 60 daga inda filin ya nufa. Aka ce a nemo bambancin bolt tsakaninsu. Shugaban sashenmu ne ya rubuta tambayar, shi ne kuma ya rubuta amsoshin da muke bi wajen ba da maki. Ya ninka 200 da 0.05, wato santimita 5 ɗin a ma'aunin mita, ya samu 10.

Amsar 5 ce. Dabarar da ya bi ita ce V = Ed, wato bambancin bolt (V) shi ne ƙarfin filin (E) a ninka da nisa (d). Amma wannan d ɗin yana nufin nisan da aka ci ta bin hanyar filin kawai. Idan ka jingina tsani da katanga ka hau, tsayin da ka kai bai kai tsawon tsanin ba. Bambancin bolt aiki ne da filin ke yi a kan kowane kulom na caji (kulom ma'aunin caji ne, jul kuma ma'aunin aiki), jul 1 a kan kulom 1 shi ne bolt 1, kuma filin gefe ɗaya yake tura caji. Duk tafiyar da aka yi a gicciye, digiri 90 da filin, ba ta ƙara komai ba ta rage komai. Dole a ninka da cos 60, wato rabi. Idan ana son alamar ƙari ko ragi ma, bolt ɗin raguwa yake yi in ana bin inda filin ya nufa.

Wata yarinya ta rubuta 5, har da zanen kusurwar a gefe, yadda muka yi a allo. Na ba ta cikakken maki. Da takardun suka je wurin shugaban sashen sai ya soke da jan biro. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a sake duba wannan tambayar?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, tun kana firamare nake koyar da wannan darasi. Littafi ya ce V = Ed." A taron malamai kuma, ba tare da kama suna ba, ya ce akwai sababbin malamai masu rikita yara da lissafin jami'a. Kowa ya juyo ya kalle ni. Cos ɗin da yara suka sani tun kafin su shigo SS3, shi ne lissafin jami'a.

Littafin bai yi ƙarya ba. Misalinsa faranti biyu ne masu fuskantar juna: ka haɗa su da batirin mota mai bolt 12, ka bar santimita 2 tsakaninsu, filin ya zama bolt 600 a mita. A nan nisan farantan shi ne nisan da ke bin filin, don haka mai hadda zai yi shekaru yana cin amsa bai san me d ke nufi ba. Abin da ya fi ci mini rai, shugaban sashen da kansa ya sa digiri 60 a tambayar. To me kusurwar take yi a wurin, ado?

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. Yara sun fi faɗuwa wajen mayar da santimita mita fiye da a dabarar kanta. Sai ka nuna musu a allo cewa bolt a mita da niyuton (ma'aunin ƙarfin turi) a kulom abu ɗaya ne kafin su yarda. Ka koyar da darasin da hunturu in da hali: tartsatsin da ke tashi idan an cire rigar sanyi ya ishe ka misali, domin busasshiyar iska tana barin wuta ta tsallaka a wajen bolt miliyan 3 a mita, ka ga tartsatsin milimita 1 ya kai kusan bolt 3,000. Kada ka shiga ofishin na gaba da kai kan maganar maki ba tare da shaida ba, kuma ka ɗauki hoton takardar kafin ka miƙa.

Ba a mayar wa yarinyar makinta ba. Wanda zai gaje ni za a ba shi fayil ɗin tsofaffin tambayoyin sashe, kuma har ranar da na tafi 10 ce a rubuce a gaban wannan tambaya. Shawarata, ya lissafa da kansa kafin ya ɗauki jan biro.